Kujerar Da Ya Kwana A Kai

Tun da aka yi wa maigidana aikin mafitsara bai sake kwana a gidan kowa ba. Aikin ya yi kyau, alhamdulillahi, sai dai ya bar masa abu guda: da zarar barci ya ɗauke shi, fitsari ba ya jiran izininsa. A gida mun saba. Akwai ledarmu ta roba a ƙarƙashin zanin gado, in tashi da sassafe in wanke in shanya, ko 'ya'yanmu ba su sani ba. Haka ya ce a bar shi, ni kuma na kama bakina.

Sai ga Auta ta gama karatun jinya, za a yaye su a wani gari mai nisa. Shi kafinta ne, gadaje da kujeru ya yi ta ƙera wa mutane har ƙarfi ya ƙare, kuma yarinyar nan tun tana 'yar mitsitsiya take bin sa shago tana tsince masa ƙusa. Ta bugo waya ta ce idan Baba bai zo ba, ita ma ba za ta sa rigar yayen ba. Halina ta ɗauko, na san za ta aikata. Na lallashe shi, na yi faɗa, na daina yi masa magana, da ƙyar da jiɓin goshi ya yarda. Babban ɗanmu ya kama mana ɗaki a otal.

Mun iso da yamma, na zazzage jaka, babu leda. Tana can gida a kan igiyar shanya. Wallahi ji na yi kamar in kwaɗa wa kaina mari. Na ce bari in sauka in tambayi masu otal ɗin, ya ce idan na buɗe baki ga wani mahaluki, motar farko zai bi ya koma. Na ce to in kira babban ɗan namu ya sayo mana, ya ce idan ya tambaye ni ta mece ce fa? Sannan ya zagaya gadon kamar mai shirin saye, ya shafa katakon, ya danna katifar da tafin hannu, ya ce wanda ya yi aikin nan ya san hannunsa, shi ba zai lalata wa mutane kaya ba. Ya jawo kujerar kushin da ke gefen taga ya ce a zaune zai kwana, ba zai runtsa ba. Mutumin da ko labarai ba ya iya kallo har ƙarshe saboda barci! Na gaji da magana na juya masa baya.

Da gari ya waye na same shi wuya a karkace, ƙafafu sun kumbura, kujerar kuma ta jiƙe sharkaf. Kushin ɗin ba irin na cirewa ba ne, a manne yake da katako, kuma ba sai an gaya wa kafinta abin da hakan ke nufi ba. Ya yi wanka ya fito bai dube ni ba. Ya ce in haɗa kaya, in gaya wa Auta jikin ne ya motsa. Ban taɓa ganin sa ya ƙanƙance haka ba, har na fasa faɗan da na tanada.

Na durƙusa da sabulun wanka da tawul ina ta dirza, abin sai ƙara yaɗuwa yake, sai aka ƙwanƙwasa. Mai gyaran ɗaki ce da kekenta na tawul, ba za ta wuce sa'ar babbar 'yarmu ba. Na tare ƙofa da jikina, amma ina za ka tare wari? Sai na ji bakina yana cewa shayi ne ya zube mana a kujera. Shayi fa, ga kofuna can a kife a kan tire, ko taɓa su ba mu yi ba.

"Ayya, Mama, yakan faru," in ji ta.

Ba ta kira kowa ba. Ta lulluɓe kujerar da wani zani, ta ja ta waje da kanta, tana cewa akwai injin wanke kujeru da darduma a ƙasa, kafin yamma ta bushe. Sannan ta dawo ta ɗaga gefen zanin gado, kamar dai tana nuna mini inda ake kunna fanka. Ashe katifar a cikin riga take, sama yadi mai laushi, ƙasa roba, an zuge ta da zif. Ta ce duk gadon da ke otal ɗin haka yake, don wanda zai buƙata kada ya sha wahalar tambaya. Da ni take magana, amma ta ɗaga murya yadda na bayana zai ji.

Ya taso a hankali ya sa yatsu ya murza abin, ya bi ɗinkin har kusurwa. Bawan Allah ya kwana yana gadin katifar da ko bokiti aka juye mata ba abin da zai same ta. Na rasa dariya zan yi ko kuka.

"'Yata," ya ce, kansa a ƙasa, "ba shayi ba ne."

"Na sani, Baba. Gadon nan don a kwanta aka ajiye shi. Abin da ya biyo baya aikinmu ne."

Ta sa mana zannuwan canji da baƙar jakar wanki a cikin kabad. Ta ce da safe a ajiye a bakin ƙofa kawai, masu wanki ba su san daga wane ɗaki ta fito ba, kuma ba ruwansu. Na kama hannunta ina ta sa mata albarka har ta fara jin kunya. Ko sunanta ban tambaya ba, amma har gobe tana cikin addu'ata, ita da duk wanda ya yi tunanin sa wa katifa riga.

Tana fita ya zauna a bakin gado. Can ya ce wai tsayawa zan yi ina kallon sa, ko zan goge masa babbar rigarsa? Mun je wajen bikin yayen da silifas a ƙafarsa, don takalmi ya ƙi shiga. Da aka kira sunan Auta ya miƙe da kumburarrun ƙafafun nan yana tafi shi kaɗai bayan kowa ya gama, sai da na ja masa riga.

Washegari shi ya cire zanin da kansa, ya cusa a jaka, ya buɗe ƙofa ya ajiye. Muna karyawa Auta ta bugo, wai tana so ta nuna wa Baba asibitin da za ta fara aiki, amma sai dai mu ƙara kwana. Na riga na fara haɗa mata ƙaryar da na saba, sai ya miƙo hannu ya karɓi wayar.

"Ki gaya wa yayanki ya ce su bar mana ɗakin," in ji shi. "Muna nan."