Rantsuwar Uwaisu

Kocin Taurarin Tudu bai yi murabus ba, ba a kuma kore shi ba. Ranar da suka je wasa Dugabau, kafin a tafi hutun rabin lokaci an zura musu ƙwallaye har 'yan kallo sun gaji da tafi. Sai ya ce wa 'yan wasa su ɗan jira shi, zai je ya sayo musu ruwan leda. Ya hau babur ɗinsa ya kama hanya. Daga baya aka ji labarin an gan shi a Kano yana tuƙa adaidaita sahu, har ya yi ƙiba abinsa.

Wanda ya ƙarasa wasan nan a bakin layi shi ne mataimakinsa, Uwaisu, kuma shi ya ci gaba da riƙon ƙwarya tun daga ranar. Uwaisu tela ne, shagonsa na bakin hanya a Unguwar Tudu, amma duk wanda ya taɓa kai masa ɗinki ya san rabin hankalinsa ne a kan keke, ragowar yana fili. Ya buga wa Taurari baya tun yana saurayi har gwiwarsa ta ƙi. A riƙonsa ba a ci wasa ko ɗaya ba, a faɗi gaskiya, amma an yi kunnen doki da Madadi, abin da mutanen unguwa suka yi ta murna a kai kamar an ɗauko kofi.

Uwaisu yana son kujerar kocin nan, so irin wanda ke hana mutum jin daɗin tuwo. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Sai dai matarsa Hanatu ta taɓa tsintar wata riga a ƙasan akwati, sabuwa fil, an yi mata aikin zare a baya da manyan baƙaƙe an rubuta KOCI. Ta tambaye shi ta wane ce, ya ce ta wani ce ya kawo ɗinki. Ta ce ikon Allah, ashe mai rigar ma kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya tudu kamar tasa.

Zaɓen sabon koci yana hannun kwamiti, kwamitin kuwa ya fi 'yan wasan yawa. Ciyaman shi ne Alhaji Badamasi, dillalin hatsi, wanda ya sayi jesi shekarun baya kuma har yau ba ya bari a manta. Akwai mataimakin ciyaman na ɗaya da na biyu, akwai jami'in hulɗa da jama'a wanda ba ya ga-maciji da rabin kwamitin. Suka yi ta zama a ƙofar gidan Alhaji, ana shan lemo ana tashi. Wani ya ce a ɗauko baƙo daga Kabo, domin ɗan gida ba ya jin kunyar a ci shi. Wani ya ce a nemo mai Turanci, in ya daka tsawa a bakin layi abokan karawa su razana. Mataimaki na biyu kuwa ya dage cewa matsalar ba ta koci ba ce, ragar gabas ce, ta nan aka fi cin su, a tone ta a duba abin da aka binne. Da aka tuna masa cewa ana sauya raga bayan hutu kuma ta yamma ma ba ta tsira ba, sai ya ce to a tone duka biyun.

A gefe kuma ga Najmuddeen, mai gidan kallon ƙwallo na bakin tasha. Bai taɓa taka leda ba ko a makarantar firamare, amma babu wasan Turai da ya wuce shi, kuma yana da ɗan allo fari da yake zana kibiyoyi a kai. Duk zaman da aka yi sai ya zo da allon nan ya bayyana wa dattawa cewa abin da ke damun Taurari shi ne rashin fomeshan. Dattawa su gyaɗa kai, don babu mai son a gane bai san mene ne fomeshan ba.

Ana haka, wata safiya Alhaji Badamasi ya tsaya da motarsa a ƙofar shagon Uwaisu, ko fitowa bai yi ba, ya yafito shi. Bayan gaisuwa ya ce masa kwamiti ya karkata gare shi, ranar Asabar bayan la'asar za a sanar a gaban jama'a, ya zo da shirinsa. Uwaisu ya koma kan keke ya ɗinke hannun wata riga a wuyanta bai sani ba.

Da yamma ya tafi wajen kawunsa, Malam Ƙasim, shugaban Islamiyyar unguwa, wanda shi ke buɗe wa kwamitin taro da addu'a. Malam ya taya shi murna, sannan ya ja masa kunne. Ya ce ɗan gidan mutunci ba ya rawar jiki a kan muƙami. In an miƙo maka sai ka ja da baya, ka ce akwai waɗanda suka fi ka, a matsa maka, ka sake nokewa, a sake matsawa, sannan ka karɓa kamar an ɗora maka dutse. Ya ce ya duba yadda ake yi a masallaci ranar da liman bai fito ba, kowa na tura ɗan'uwansa gaba, alhali kowa ya san wanda zai ja sallar.

Uwaisu ya san wannan, wa bai sani ba? Amma ya ɗauki abin da gaske fiye da kima. Kwanakin da suka rage ya yi su yana bitar yadda zai ƙi. Yana taka keke yana gwada murya, yana gwada sunkuyar da kai, har da inda zai ɗan yi shiru kamar maganar ta yi masa nauyi. Hanatu ta gaji da jin sa ta ce, "Malam, in an ba ka ka karɓa kawai mana." Ya yi dariya ya ce mata ba ta san zaman maza ba.

Ranar Asabar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Alhaji, jama'a ta cika har bakin kwata. Malam Ƙasim ya yi addu'a. Alhaji Badamasi ya yi jawabi mai tsawo, ya bi ta kan jesin nan, ya zagayo, daga ƙarshe ya ce kwamiti ya ga babu wanda ya dace da wannan aiki sai Uwaisu.

Uwaisu ya sunkuyar da kai daidai yadda ya tsara. Ya ce shi wane ne, ga manya a zaune, ga masu ilimin abin, shi tela ne kawai da Allah ya jarabta da son ƙwallo. Maganar ta fita sumul. Alhaji ya yi murmushi ya ce a'a, ai kowa ya ga abin da aka yi wa Madadi, ya daure ya karɓa. Komai na tafiya bisa hanya.

A nan ne daɗi ya kwashe shi. Yana cikin ƙi na biyu ya ɗaga ido ya ga kawunsa na gyaɗa kai, ya ji wani dattijo a baya ya ce, "Allahu Akbar, kun ji tarbiyya." Tunda yake a duniya manyan unguwa ba su taɓa yin tsit suna sauraron sa haka ba. In ya yi magana a shago sai dai a ce masa yaushe za a zo karɓar ɗinki. Sai ya ji abin da ya shirya ya yi kaɗan, ya kamata ya ƙara gishiri. Ya dafa ƙirji, murya na rawa, ya ce, "Wallahi tallahi, Alhaji, ba zan iya da ƙungiyar nan ba. Na rantse da wanda raina ke hannunsa, ba zan karɓa ba."

Alhaji Badamasi, wanda ya riga ya buɗe baki zai yi matsawar ƙarshe, ya rufe shi a hankali ya juya ya dubi Malam Ƙasim. Kowa ma Malam ya duba. Ana ƙi, ana nokewa, amma ba a sa sunan Allah a ciki, don daga an sa shi magana ta bar hannun ciyaman ta koma hannun malamai.

Malam Ƙasim ya gyara zama. A fuskarsa kana ganin mutumin da ke neman yadda zai ciro ɗan 'yar'uwarsa daga rijiya ba tare da ya jiƙa rigarsa ba. Ya yi bayani cewa rantsuwa iri-iri ce. Akwai wadda ke suɓucewa a baki, irin ta 'yan kasuwa, wannan ba a kama mutum da ita. Akwai kuma wadda aka ƙulla a zuci, wannan in an karya sai kaffara. Sannan ya dube shi da kyau, ya ce, "Uwaisu, wacce ka yi a ciki? Ta baki ce ko har zuci?"

Ƙofa ce Malam ya buɗe masa, wangwame, Uwaisu kuma ya gan ta. Ya ce ta baki ce, a yi dariya, a matsa masa, ya karɓa, a tashi. Amma in ya faɗi haka, dattijon da ya yi kabbara zai gane cewa duk rawar muryar nan wasan kwaikwayo ce. Ga Najmuddeen can gefe rungume da allonsa yana wani guntun murmushi, gobe labarin zai zaga gidan kallo, a riƙa dafa ƙirji ana kwaikwayon sa. Zuciyarsa na ce masa faɗi gaskiya, kunya na ce masa ina.

"Har zuci, Kawu," in ji shi.

Malam ya runtse ido ya buɗe. Ya ce to jama'a sun ji, kada a matsa wa bawan Allah a jefa shi cikin kaffara. Uwaisu ya so ya ce a jefa shi. Miskinai goma ne fa, shi da zai ciyar da unguwar nan kaf har da baƙi, ya ɗora da azumi in ana so. Ya bi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya ko wani zai ce ai kaffarar ba wuya. Babu wanda ya ce. Duk tausayin sa suke ji, suna kallon sa da girmamawa irin wadda ake yi wa mamaci.

Alhaji Badamasi, wanda lemonsa ya fara ɗumi, ya ce to tunda haka ne, ko Najmuddeen zai taimaka? Bai gama rufe baki ba Najmuddeen ya ce ya karɓa, Allah ya taya shi riƙo. Aka shafa fatiha.

Abin haushi, da aka tashi mutane sun fi yin layi wajen gaisawa da Uwaisu a kan sabon kocin. Kowa na cewa a zamanin nan da ake kashe juna a kan kujerar kansila, ga wanda aka bai wa ya ƙi. Jami'in hulɗa da jama'a ya rungume shi. Malam Ƙasim ya ce zai ba ɗalibansa labari, amma bai yarda sun haɗa ido ba. Uwaisu ya yi ta cewa ba komai, ba komai, har kumatunsa suka gaji da murmushi.

Labari ya riga shi isa gida. Hanatu ta ajiye masa abinci ta koma gefe tana tsince shinkafa. Da ta yi masa gori da ya fi masa sauƙi, amma sai ta ci gaba da tsince shinkafarta kawai.

Washegari da hantsi yana shago sai ga Tasi'u, kyaftin ɗin Taurari, magidanci ne da 'ya'yansa, wanda suka buga baya tare a shekarun Uwaisu na ƙarshe. Ya zo karɓar buhun ƙwallaye da ake ajiyewa a bayan keke, sabon koci ya aiko shi. Gaisuwar da ya yi gajera ce, ba irin wadda suka saba ba. Yana ɗaure bakin buhun yake faɗa masa, ba tare da ya ɗago ba, cewa makon jiya su 'yan wasa gaba ɗaya suka je gidan Alhaji suka ce in ba Uwaisu ba su sun ajiye takalma. Abin da ya sa kwamiti ya karkata ke nan. Ba su gaya masa ba ne don suna so ya ji a bakin manya.

"Mutanen gari na yi mana dariya, mun saba," in ji Tasi'u. "Wancan ya gudu, ba mu ji zafi ba, dama baƙo ne. Amma kai, Yaya Uwaisu, a gaban kowa ka ce ba za ka iya da mu ba. Har da rantsuwa."

Uwaisu ya miƙe. Ya buɗe baki zai ce masa ba haka ba ne, haka ake yi, shi da ya fi kowa so. Daidai nan wani dattijo ya zo wucewa a kan keke, ya rage gudu ya ɗaga masa hannu yana cewa Allah ya yi albarka, mai gudun duniya. Uwaisu ya ga hannunsa ya ɗagu da kansa, ya ji bakinsa ya ce amin, Baba, amin.

Tasi'u ya tsaya yana kallon sa har dattijon ya wuce. Sannan ya ɗora buhun a bayan babur ya ɗaure da roba, ya hau ya tayar.

"Mun yi shawara da yara," ya ce. "Ba sai ka riƙa zuwa fili ba. Kada mu ja maka kaffara."