Takalmi a Haikalin Haidarabad

Jakar takalmi uku. Gorar ruwa biyu. Dabino a leda. Lema. Kujerar naɗewa. Hoton gwiwar Kawu a cikin ƙaton ambulan, don Kawu ba ya fita ba tare da shi ba, wai ko za a gamu da likita a hanya.

Duka Rafi'u ne ke ɗauke da su. Yana tsaye a cikin metro, jirgin ƙasan cikin garin Haidarabad, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, ɗayan rungume da kujera, gumi na bin bayansa duk da sanyin jirgin. Kawu Abdulghani ya samu wurin zama, wani fasinja ne ya tashi masa. Matarsa, Khala Sadiyya, tana gefensa, ta manna goshi da gilashi tana kallon gari.

"Ya Hindi," in ji Kawu. Haka yake kiransa, wato Ba'indiye, tun da ya dawo daga karatu a Indiya. "Saura tasha nawa?"

"Mun kusa, Kawu."

"Tun da muka shiga kake cewa mun kusa."

Rafi'u haifaffen Jidda ne, unguwar Kurayyat. Kakansa ya taso daga Katsina ya zo hajji, bai koma ba. Shi kuwa a wannan gari na Indiya ya yi karatun kasuwanci, ya koma gida da takardar digiri da wata magana da ba ta barin bakinsa: "A Indiya." A Indiya ba haka ake dafa shayi ba. A Indiya ba haka ake tsallaka titi ba. Takardar tana rataye a falon mahaifiyarsa. Aiki dai bai zo ba.

Kawu yana da ɗan ofishin tafiye-tafiye a Aziziyya, da bas-bas masu kai mutane umara Makka. A bayan ofishin akwai ƙaramin ɗaki da ake jibge katan-katan. Wannan ɗaki Rafi'u ke nema. Zai sa tebur a ciki, ya riƙa kawo mutanen Jidda Indiya, masu neman asibiti da masu yawon buɗe ido. Ya daɗe yana naci, har ranar da gwiwar Kawu ta matsa.

"Halas, shi ke nan," in ji Kawu a ranar. "Ka kai ni a duba ƙafar nan, ka dawo da ni raina bai ɓaci ba. In ka yi haka, ɗakin naka ne."

Asibiti ya tafi daidai. An yi wa gwiwa allura, likita ya ce a huta, a rage hawa bene. Sai aka samu yini guda a sarari kafin komawa gida. Khala ce ta ce tana son ganin farin haikalin Hindu da ke kan tudu, wanda take hangowa daga tagar masauki. Kawu ya ce, "Kallo kawai. Ba rusunawa, ba shafa komai a goshi." Khala ta ce ita da ma gini take son gani, da tafkin da aka ce ana hangowa daga sama.

"Akwai matakala?" Kawu ya tambaya.

"Kaɗan," in ji Rafi'u. "Kuma ba tasi za mu shiga ba, tasi kowa ya iya. Metro za mu hau, ku ga gari yadda 'yan gari ke ganinsa."

Rafi'u ya san haikalin sosai, ta tagar jirgi. Zamansa a garin ya ƙare ne tsakanin aji, ɗakin kwana, da shagon wani Bayamane mai sayar da shinkafar mandi, a unguwar da Larabawa da Sudanawa suka cika. Can ya ci, can ya yi abokai, can ya kalli ƙwallo. Yaren garin da ya iya bai wuce "shayi ɗaya" da "ya yi tsada" ba. Amma ai ba wanda ya tambaye shi ko ya taɓa hawa tudun.

Da jirgin ya fara rage gudu, sai ya sunkuyo, ya sassauta murya.

"Ku saurare ni. Mutanen nan suna da tsantseni. Kada a nuna gunki da yatsa. Kada a ɗaga murya. Kuma don Allah, Kawu, ban da zancen naman shanu. Saniya a wurinsu ba abin wasa ba ce."

"Ni zan hau tudu da gwiwa ɗaya don in yi hirar kilishi?"

"Na dai faɗa. Kada a kunyata ni."

"Ka ji shi, ya Abu Mazen," in ji Khala ga mijinta, ba ta ma ɗago daga gilashin ba. "Yaron da na goya, yau shi ke koya mana shiga mutane."

Suka sauka. Daga tasha suka matsu a cikin keke mai ƙafa uku, kujerar naɗewa a kan cinyar Rafi'u. Mai keken ya ajiye su a bakin wani lungu mai hawa, ya nuna sama da haɓa. Lungun cike yake da masu sayar da furanni, kwakwa, turaren wuta da awarwaro. Khala ta tsaya ta tayi awarwaro da yatsu, ta saya, ba ta nemi tafinta ba. Rafi'u ya yi kamar bai gani ba.

A ƙofar haikalin akwai rumfa biyu. A ɗaya ana ajiye waya. Rafi'u ya tattara nasu ya miƙa, aka ba shi ɗan ƙarfe mai lamba, ya ji kansa cikakken jagora. A ɗaya rumfar mutane sun yi dogon layi suna miƙa takalma, ana jera su a kanta.

"Ga wurin ajiye takalmi can," in ji Khala.

Rafi'u ya yi murmushi. Wannan ne lokacin da yake jira tun daga Jidda.

Duk wanda ya tashi a Jidda ya san dokar zuwa Harami tun kafin ya iya ɗaura ihrami: ba ka barin takalminka a ƙofa. In ka bari, ka shiga ta wannan ƙofa, taro ya fito da kai ta waccan, sai ka koma gida ƙafa a ƙasa. Baƙo ne ke barin takalmi. Ɗan gida jefa nasa yake a jaka, ya rataya a baya, ya shiga da abinsa. Shi ya sa Rafi'u ya je wurin wani tela a Kurayyat, aka ɗinka masa jaka uku na gwaji, shuɗaye, masu igiya. An buga sunan Kawu a jiki, a ƙasa an rubuta Jidda–Indiya. Idan ofis ya kankama, kowane matafiyi zai samu ɗaya kyauta.

Kawu ya juya jakar, ya ga sunansa, fuskarsa ta ɗan saki. "Ba laifi," ya ce.

"Ni fa ban ga kowa da jaka ba," in ji Khala.

"Dabarar ce ba ta zo musu ba, Khala. Dubi layin nan, rana na dukansu. Mu kuwa yalla, sai wucewa."

Suka cire, suka zuba a jaka, suka rataya. Mai gadin ƙofa yana fama da wata tawagar 'yan ƙauye da ƙunshinsu, na'urar bincike kuma ba ta yi ƙara ba, tun da takalmi ba ƙarfe ba ne. Suka wuce.

Matakalar ta farin dutse ce, kuma ba kaɗan ba ce. In ta ƙare sai ta yi kwana ta sake farawa. Rana ta gasa dutsen, kowa na bin wata doguwar tabarma da aka shimfiɗa a tsakiya. Kawu yana hawa da ƙafa ɗaya yana jawo ɗayar. A kowace kwana a buɗe masa kujera, ya zauna, ya sha ruwa, ya ɗago ya kalli Rafi'u.

"Kaɗan ɗin Indiya ke nan?"

"Saura ƙiris, Kawu."

Kusa da sama iska ta fara kaɗawa. Ana jin ƙararrawa, da wata murya tana rera addu'arsu, ƙamshin turare na saukowa. Rafi'u ya yi gaba don a san shi ne jagora. Ya juyo da sauri, ya miƙa hannu zai nuna musu tafkin.

Igiyar jakarsa ta tsinke.

Telan Kurayyat silifa ya sani. Ba a gaya masa za a sa takalmi sau-ciki ba, mai nauyi, wanda Rafi'u ya saya don ya yi kama da mai ofis. Ɗaya ya faɗi a gindinsa. Ɗayan ya kama hanya. Ƙwas. Ƙwas. Ya wuce Kawu, ya wuce Khala, ya ratsa tsakanin ƙafafun mutane, ya je ya kife a gaban wata tsohuwa da ke hawowa da faranti cike da furanni.

Tsohuwar ta ja da baya, ta ɗaga farantin sama kamar ruwa ya taso mata. Ba ta yi ihu ba. Ta kalli takalmin, ta bi matakala da ido har ta sami mai shi. Sauran mutanen ma suka same shi. Da ihu aka yi, da ya fi sauƙi.

Wani mai gadi ya sauko, ba gudu ba gaggawa. Ya nuna jakar Kawu, Kawu ya buɗe. Ya nuna ta Khala, ta buɗe. Sai ya yi dogon bayani da yaren gari, a hankali, ba faɗa. Rafi'u ya riƙa karkaɗa kai irin na Indiyawa, abu ɗaya da ya koyo da kyau.

"Me ya ce?" in ji Kawu.

"Ya ce... wai akwai wani tsari."

"Ya ce mu sauka," in ji Khala. "Ai ga yatsansa nan."

Rafi'u ya gangara ya ɗauki takalminsa. Ya buɗe baki zai ba tsohuwar haƙuri, ya lalubi abin da ya iya. Ba shayi take sayarwa ba, kuma babu abin da ya yi tsada. Ya dafe ƙirji, ya sunkuyar da kai. Ta jira har ya kauce, ta kewaye wurin da takalmin ya kwanta, ta ci gaba da hawa. Wani ya zo da bokiti ya watsa ruwa a wurin.

Sauka ta fi hawa cin gwiwa. Da ƙyar Kawu ya kai ƙasa. Can ya karɓi kujerarsa ya buɗe da kansa a inuwar wata bishiya. Khala kuwa ta wuce rumfa, ta bi layi, ta miƙa takalminta, aka ba ta ɗan ƙarfe.

"Ni dai ban zo nan kallon takalmi ba," ta ce. Ta bi bayan wasu mata, ta sake hawa.

Aka bar Rafi'u a tsaye, rungume da jakar Kawu da takalminsa biyu. Kawu ya daɗe yana murza gwiwa.

"Fatar mece ce?" ya tambaya, yana nuna takalmin Rafi'u da haɓa.

"Saniya."

"Ma sha Allah. Ni aka hana zancen kilishi."

Rafi'u ya mayar da takalmin bayansa.

"Ya Hindi. Ka taɓa hawa wurin nan?"

"Kullum ina wucewa ta gefensa."

"Ni ma kullum ina wucewa ta gefen filin jirgi. Ka taɓa jin na ce ni matuƙi ne?" Ya kurɓi ruwa. "Uwarka tana ta kuka wai Indiya za ta canja mata ɗa. In mun koma zan kwantar mata da hankali. Ko tafin ƙafarka ba ta taɓa ba."

Khala ta sauko fuska a sake. Ta ce tafkin ya fi yadda aka faɗa, da jiragen ruwa ƙanana, ga gari shimfiɗe har iya ganinka. Ta ce dutsen an sassaƙa shi kamar leshi. Ta tsaya daga gefe ta yi kallonta, ba wanda ya ce mata kanzil.

"Takalmina kuma yana nan inda na bar shi," ta ƙara, tana kallon Rafi'u.

Da tasi suka koma masauki. Kawu ne ya tsayar da ita.

Bayan sun dawo Jidda, Kawu ya aika a kira shi ofis. La'asar ce, titin Aziziyya ya cika da hon. Kawu yana zaune ya ɗora ƙafa a kan kujerar naɗewa, gwiwar ta kumbura, ga sanda jingine da tebur. Shuɗiyar jakarsa tana rataye a ƙusa a bayansa.

"Jakar nan ta yi," in ji shi. "Za mu ɗinka da yawa. Ka ce wa telan ya ƙara wa igiya ƙarfi, ya cire Indiya."

"Ɗakin fa, Kawu?"

"Katan ma yana son wurin kwana." Ya gyara ƙafarsa, ya ɗan cije. "Bas ɗin Makka yana neman mai rakiya. Ka tara mutane, ka nuna musu ƙofar shiga, ka dawo da su da takalmansu. Wannan ka san shi da ƙafarka, ba ta taga ba. In ba ka so, digirinka yana nan a bango, ba wanda ya taɓa maka."

Rafi'u ya wuce baya. Ƙofar ƙaramin ɗakin a buɗe take. Kafin tafiya ya share wani lungu, inda tebur zai zauna. An riga an cika wurin da katan ɗin ruwa. Ya tsaya yana kallo.

"A Indiya," ya fara, sai ya ji ba sauran abin da zai ɗora a kai.

Ya zaro jakarsa mai tsinkakkiyar igiya daga aljihu, ya ajiye a kan katan. Ya fito, ya jawo ƙofar ya rufe.

"Bas ɗin Makka," ya ce. "Gobe zan fara. Da silifa."