Laimar Baba Seth

Idan mutum ya rantse sai ya shiga rijiya, wanda ya ɗaura masa igiya a ƙugu cetonsa ya yi, ko tura shi ya yi? Na sha juya wannan tambaya a raina ban kamo bakin zarenta ba. Mamane ma, da abin ya faɗo a kansa, bai kamo ba.

Mamane mutumin Maradi ne, mai walda. Kusan duk zamansa na Greensboro ta Amurka ya yi shi ne a wani garejin kwano da ke bayan dillalan tsofaffin motoci a Gate City Boulevard. Mai garejin, Seth, Baturen Ingila ne da tsufa ya cim masa a nan. Da ƙuruciya ya yi tseren mota irin na miƙaƙƙiyar hanya: motoci biyu su jera, fitila ta nuna kore, kafin ka haɗiyi yawu an gama. Ya fara ne a tsofaffin filayen jiragen yaƙi na ƙasarsu, da motar da ya harhaɗa a rumfar bayan gidan uwarsa. Da ya gane hannunsa ya fi ƙafarsa gwaninta, sai ya ƙetaro Amurka yana ƙera wa wasu. Suka ci kofuna, aka ɗauke su hoto, shi yana gefe da tsumma a kafaɗa.

Gudun irin wannan mota ya fi ƙarfin birki. Shi ya sa ake ɗaura mata laima a baya, irin ta masu dirowa daga jirgi. A ƙarshen hanya direba ya ja mariƙi, laima ta fito ta sha iska, ta riƙe motar. In an naɗe ta a karkace igiyoyinta suka sarƙe, to sai katanga. Don haka direba ba ya miƙa laimarsa sai ga wanda ya amince wa da ransa. A garejin Seth, Mamane ne mai naɗi. Dama shi ne yake yi wa mamatan jama'arsu wanka da sutura, kuma tsohon ya sani.

“Hannun da ya saba da likkafani ba ya gaggawa,” in ji shi. “Masu shi ba sa ƙorafi, amma kai ba ka ha'intarsu.”

Mota ta ƙarshe da suka ƙera ba wanda ya ba da aikinta. Shuɗiya ce, doguwa, siririya. Mamane ya ɗauka ta ajiya ce, sai ran nan da la'asar Seth ya ajiye masa jakar laima a kan teburin walda.

“Asabar akwai gwaji a ƙaramin filin nan na bayan gari. Naɗe mini.”

“Wa zai tuƙa?”

“Sarkin Ingila. Ni mana.”

Mamane ya ɗaga gilashin walda ya dube shi. Hannun tsohon na dama yana karkarwa kamar ganye. Likita ya riga ya hana shi tuƙi. Ko a watan da ya wuce, yana tsakiyar magana hankalinsa ya ɗauke, shayi yana zuba a kan takalminsa bai sani ba.

“Baba Seth, kofi ma ya gagare ka riƙewa.”

“Kofi ba shi da sitiyari. Ka ba ni sitiyari ka gani.”

“In abin nan ya zo maka a tsakiyar hanya fa?”

“To ka sami aiki. Ai ka iya.”

“Ba na yi wa wanda ba Musulmi ba wanka.”

“Ka ga sai in tafi da dattina.” Ya yi dariya har da tari, sa'an nan dariyar ta mutu. “Mani, na ƙera wa mutane motoci har gashina ya ƙare. Ina so in ji guda ɗaya a ƙarƙashina kafin a kai ni gidan tsofaffi, wata yarinya tana goge mini haɓa tana kirana masoyi.”

Mamane ya tura jakar da bayan hannu.

“Ba da hannuna ba.”

Seth bai yi gardama ba. Ya ɗauki jakarsa ya shige ofis, ya rufe ƙofa a hankali. Da ma ya buga ta, da Mamane ya fi samun sauƙi.

A gida, matarsa Tchima ta lura bai taɓa tuwon ba. Da ta ji labarin sai ta ajiye ludayi.

“Baban Dalila, wannan ma abin tunani ne? Ba kai ka haɗa motar ba? Cire wata 'yar waya, ta ƙi tashi, kowa ya koma gida da ransa.”

“Ya ba ni mabuɗin garejinsa tun ban iya gaisuwa da Turanci ba. In shiga in yi masa sata a cikin motarsa?”

“Sata? Ransa za ka tsare.”

“Nasa ne.”

“Na Allah ne.”

“To shi ya sa na ƙi naɗewa.”

“Bon, shi ke nan. Ka ƙi naɗewa, ka ƙi cirewa. Kai ka tsira ke nan. Shi fa?”

Maganar ta zauna masa a ƙirji kamar tsakuwa a takalmi. Ya tambayi kansa ko tsoron Allah ne ya hana shi, ko kuwa so yake kawai ranar da abin ya faru ya ce ba ruwansa. Ya yi salla, ya yi addu'a, bai ji an buɗe masa ko ɗaya ba.

Ranar Asabar gari ya waye da hadari wanda ya ƙi zubar da ruwa. Mamane ya ce wa Tchima zai leƙa masallaci, amma motarsa ta bi hanyar bayan gari. Filin ba kowa sosai: 'yan tireloli, warin taya da ta ƙone, ƙarar inji mai girgiza haƙori. Wani tsohon abokin tseren Seth ne ya jawo masa shuɗiyar. Shi kuwa Seth yana zaune a kan taya cikin rigar tsere da ta yi masa yawa, wuyansa ya fito daga ciki kamar na kunkuru.

“Kallo ka zo, ko ɗaukar gawa?”

“Na zo in kai ka gida.”

“Gida yana can ƙarshen hanyar nan.”

Mamane ya zagaya bayan motar. Jakar laima tana ɗaure a wurinta, amma ta kumbura gefe guda, kuma wata igiya ta leƙo ta ƙarƙashin murfi, ta haye kan 'yar'uwarta. Ba sai ya buɗe ba. Wannan laima ba za ta sha iska ba.

“Wa ya naɗe wannan?”

“Ni. Tun jiya nake fama da ita.” Seth ya ɗaga hannunsa mai rawa ya dube shi kamar na wani. “Ta yi?”

Mamane ya so ya yi ƙarya, bai san ma wace ƙaryar ba. In ya ce ba ta yi ba, tsohon zai ce to gyara. In ya juya ya tafi, tsohon zai shiga a haka. Ya san shi. Ya dubi hanyar, baƙa, miƙaƙƙiya, da katangar kankare a ƙarshenta.

“Baba Seth, don Allah.”

“Na ji, Mani. Na gode. Amma zan shiga.”

Can gaba aka fara kiran motoci su jera. Mamane ya tsaya har aka sake kira. Sa'an nan ya zare ƙusar da ke riƙe murfin jakar, laimar ta zubo ƙasa. Ya ja ta ya shimfiɗa a kan kwalta, ya durƙusa, ya yi bisimilla a ƙasan maƙoshi. Ya warware igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya shafe ƙyallen da tafin hannu, ya soma ninkewa, dama a kan hagu, ba gaggawa.