Wutsiyar Jirgi a Ƙofar Kasuwa

Jirgin bai fi kaza girma ba, mai saukar ungulu ne irin wanda ake tuƙawa da rimot, amma Muhsinat ta ɗauke shi kamar ɗan fari. Malamar kimiyya ce a wata sakandaren 'yan mata, kuma tun ranar da jirgin ya daki darbejiya wutsiyarsa ta karye, ba ta da zance sai nasa. Sabuwa kuwa ina za a samo ta a Maiduguri, a shekarar da fita gari ma sai da addu'a? Ta ce ita za ta ƙera abarta.

Ta sauko da tsohuwar eriyar talabijin daga rufin gidansu a Shehuri, ta yanko bututun alminiyom kamu guda, ta goge bakinsa, ta zura waya biyu, ja da baƙa, masu kai wuta ga ɗan injin da ke juya farfelar baya. Na farko ya yi nauyi, jirgin ya riƙa zama da gindi. Wani ya lanƙwashe wajen huda. Da ƙyar ta samu wanda ya fito sambal. Saura ƙananan noti, shi kuma Chibuike mai kayan lantarki a kasuwa ya ce sai ta kawo bututun ya gwada, shi ba ya sayar da noti da ka.

To, nan wayon ya ƙare. A cikin keke napep aka matse ta, ta ji tsoron kada a lanƙwasa mata aiki, sai ta yi abin da kowace mace ke yi da jakarta: ta tura shi ƙarƙashin hijabi ta rungume. Mace da iliminta, wallahi ko sau ɗaya abin bai faɗo mata a rai ba.

Sai da ta shiga layin mata a ƙofar kasuwa. A lokacin ba a shiga haka kawai. Daga nesa za ki tsaya, ki ɗaga hijabi da hannu biyu a ga jikinki, sannan ki matso a laluba ki. Mai binciken mata wata siririya ce, Saude, gefenta samari 'yan sintiri da gora, bayansu soja a jikin buhunan yashi. Muhsinat ta ji sanyin ƙarfen a haƙarƙarinta, ta tuna wayoyin nan da ke leƙowa. In ta ɗaga, an gani. In ta juya, an ce ta gudu, kuma kowa ya san abin da ke bin mai gudu a wurin nan.

Layi ya zo kanta. Saude ta yafuto ta da hannu.

"'Yar'uwa," in ji Muhsinat, "akwai ƙarfe a jikina, da waya. Don Allah ki saurare ni."

Kafin ta rufe baki layin ya watse, aka bar takalma da kwandon tumatir a ƙasa. Sojan ya saita bindiga, ya daka mata tsawa kada ta motsa. Ta yi bayani da Hausa, ta koma Kanuri, ta ambaci makarantarsu, ta ambaci Chibuike. Wa zai je kiran wani Chibuike? Wai wutsiyar jirgin wasa. Ita kanta da maganar ta dawo kunnenta ta san ba mai yarda.

Saude ce kaɗai ba ta ja da baya ba. Ta ce ta fito da shi a hankali, da hannu ɗaya. Bututun ya fito yana ƙyalli, wayoyi na reto. Ɗaya daga cikin samarin ya kama salati.

"In ba komai a ciki, karya shi," in ji Saude.

Muhsinat ta ɗora shi a gwiwa ta danna. Ya lanƙwashe, ta mayar da shi, ya ɓalle gida biyu. Ta zare wayoyin, ta ɗaga guntayen sama kowa ya ga fanko ne.

Sojan ya sauke bindiga yana faɗa. Da tsoro ya saki Muhsinat sai haushi ya turnuƙe ta, ta nufi Saude don ta gaya mata irin wahalar da ta sa ta ɓarar. Ta tarar da ita zaune dirshan a ƙasa, ko ɗankwalinta ta kasa gyarawa.

"Yayata ce ke tsayawa a nan kafin ni," in ji Saude, ba ta ɗago kai ba. "Da zoben hannunta muka gane ta."

Muhsinat ta ajiye guntayen ta zauna kusa da ita.