'Yar Satiru a Lajawa

Hansai ba haifaffiyar Lajawa ba ce, ko da yake a nan furfura ta same ta. A Satiru aka haife ta, can ƙasar Sakkwato, garin da mutanensa suka ce Mahadi ya bayyana, suka tunkari sojan Nasara da gatura da fartanyu. Tana ƙarama aka ƙone garin. Ta ga gawar ubanta a bakin rijiya, aka tasa ƙeyarta tare da sauran yara, aka yi ta miƙa ta daga hannu zuwa hannu har ta faɗo gidan wani bafatake a Wudil, daga nan ta dawo Lajawa da zama. Ba ta son ba da labarin. Daddawarta take yi, ran Juma'a ta kai kasuwa.

Ɗa ɗaya Allah ya bar mata, Labaran maƙeri, mutum mai sanyin hali, da matarsa Yelwa da 'ya'ya biyu. Da yake ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa.

Da kakar 1956 wani baƙo, Malam Ƙasimu, ya sauka a gindin tsamiya wajen ƙauyen Ɗankaza. Yana wa'azi cewa duniya ta zo ƙarshe, biyan haraji kafirci ne, kuma duk mai bin limamin gari sallarsa ba ta yi ba. Ya ce Mahadi yana gabas yana jiran jama'arsa. Labaran ya je kallo sau ɗaya, daga nan kullum yana can.

Ran nan Hansai ta leƙa maƙera za ta karɓi laujen maƙwabciya, sai ta tarar da tsinin māsu jere a ƙarƙashin buhu. Ta juya ga ɗanta.

"Kai, waɗannan na wane ne?"

"Na tsaron hanya ne, Inna. Hijira za mu yi."

"Haka babana ya ce. Su ma an gaya musu harsashi zai zama ruwa. Ni na ga ruwan da ya zama."

Labaran ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Naku ba na gaskiya ba ne, Inna. Wannan shi ne na gaskiya."

Ta yi kuka, ta yi lallashi, ta ce ba da yawunta ba. Ta taka har wurin Malam Ƙasimu, ta durƙusa ta roƙe shi ya bar mata ɗanta. Ko kallonta bai yi ba, ya ce wa almajiransa su gaya wa tsohuwa haƙƙin Allah ya fi na uwa. Ta yi tunanin kai ƙara wurin dagaci, amma ta san Labaran za a fara ɗaurewa, tunda shi ya ƙera māsun. Sai ta fasa.

Abu ɗaya ta ci nasara a kai. Ranar tafiya ta zauna a bakin ƙofar Yelwa, ta rungume jikokinta, ta ce sai dai a tsallake gawarta. Labaran ya daɗe a tsaye, sannan ya saɓa jakarsa ya fita shi kaɗai.

Rani ya wuce, damina ta faɗi, babu labari. Sai da gero ya fara kai, Gwadabe, wanda yake yi wa Labaran zuga a maƙera, ya dawo a rame, hannunsa ɗaya a shanye. Ya zauna a zaure, ya kasa haɗa ido da ita.

"Faɗi kawai, Gwadabe," in ji Hansai.

Ya ce bayan sun wuce ƙasar Barno guzuri ya ƙare. Suka isa wani ƙauye suka nemi hatsi, mutanen suka ce su ma ba su da shi. Malam Ƙasimu ya yanke cewa wanda ya hana masu hijira abinci ya fita daga Musulunci, dukiyarsa ta halatta. Suka afka wa rumbuna ana tsakar sallar Azahar.

"Labaran bai soki kowa ba, Iya, na rantse. Da ya ga an kashe ladanin ƙauyen sai ya yar da mashinsa, ya tsaya yana salati. A nan kibiya ta same shi."

"An yi masa sutura?"

"Mu da muka tsira gudu muka yi. Malam ma ban san inda ya nufa ba."

Daga cikin gida Yelwa ta ƙwala ihu. Can Hansai ta tambaya ko akwai yara a ƙauyen. Gwadabe ya ce akwai, da yawa, suna tsaye suna kallo.

Da la'asar liman ya tara mutane aka yi addu'a, wasu suka zo, wasu suka ƙi. Yelwa ta shiga takaba. Bayan arba'in danginta suka zo daga Sabon Gari suka tafi da ita da ƙaramin yaron, aka bar wa Hansai babbar, don ta riƙa ɗebo mata ruwa.