Yadda Tela da Direba Suka Gwada Jinyar Juna

A shagon Tela aka ji maganar. Rediyo na kan kanta, tsakanin kwalin zare da gwangwanin maɓallai, wata likita tana bayani cewa mutane yanzu suna daɗewa a duniya, saboda haka nan gaba masu ciwon mantuwa na tsufa za su yi yawa, kuma kuɗin jinyar mutum ɗaya na iya cinye gida har da ƙofarsa. Tela ya ɗage ƙafa daga keken ɗinki. Amininsa Direba, wanda ya ajiye tuƙin bas tun da gwiwa ta fara yi masa gardama, yana zaune a benci, ya daina shan shayinsa.

Su biyun sun ba sittin baya. Tela ya ce shi gidan nan kaɗai zai bar wa yara, ba zai yarda kansa ya cinye shi ba. Direba ya yi tunani, ya ce ai abin mai sauƙi ne: duk wanda kansa ya fara kwancewa a cikinsu, ɗayan ya yi jinyarsa kyauta. Suka tafa. Sai dai Direba ya ƙara da cewa ba a ba mutum sitiyari sai an gwada shi, don haka dole su yi gwaji tun da sauran hankali.

Direba ne ya fara zama majinyaci. Da safe ya zo gidan Tela da takalmi a juye, ya kira matar gidan da Inna, ya ci abinci, ya wanke hannu, sannan ya tambaya yaushe za a ba shi abinci. Aka sake zuba masa. Da ya nemi na uku, Tela ya fara zargin cewa wannan mantuwa ta san hanyar tukunya. Daga nan Direba ya fice ya tsaya a tsakiyar titi yana kiran fasinja, Tela na jan rigarsa yana ba masu babur haƙuri. Kafin rana ta take, mai jinya ne ke kwance a tabarma yana haki, majinyaci na yi masa fifita.

Kashegari aka zo kan Tela, shi kuma ya rantse sai ya rama. Ya zauna a shago ya saki baki, ya ce da Direba bai san shi ba, maza ya ajiye masa kofin shayinsa. Ana cikin haka wata mata ta shigo karɓar ɗinkinta. Gaskiya rigar ko yanka ta bai yi ba, sai ya ga ga dama ta samu. Ya dube ta ya tambaya ko ita ce mai sayar da allura.

Matar ta fita da hannu a ƙirji. Kafin a ce kwabo labari ya zaga layin. Masu yadi suka yi ta zuwa suna kwashe kayansu, kowa na yi masa sannu da ƙarfi kamar kurma. Wata ta kira babbar 'yarsa a wurin aiki, 'yar ta iso da mijinta idonta ya yi jawur, ƙaninta na kan waya yana cewa a sayar da keken a ɗauki mai jinya, ita tana cewa keke nawa ne, ko wata ɗaya ba zai riƙe su ba.

Tela ya miƙe ya ce wasa ne, lafiyarsa ƙalau.

"Haka suke cewa, Baba," in ji surukin a hankali, yana janye almakashi daga gabansa.

Tela ya waiwaya wurin Direba don ya ba da shaida, amma maƙwabta suka ce ai wannan ne jiya aka gani yana lodi a titi babu mota. Matar Tela kuwa ta san komai, sai dai tukunyarta da aka share jiya ba ta bar ranta ba. Ta ce ita dai ta daɗe tana ganin alamu.

Haka aka zuba su biyun a bayan mota sai asibiti. Likita ya tambaye su rana da wata, ya sa suka zana agogo, suka maimaita wasu kalmomi. Duk suka ci, sai dai sun yi musu a kan wanda ya fi kyan zane. Da likitan ya ji labarin yarjejeniyar, ya cire tabarau ya goge. Ya ce ciwon nan ba abin wasa ba ne, yana ganin iyalan da yake gajiyarwa kullum, amma tunanin shiri tun da wuri tunani ne mai kyau.

"To amma, iyayena, in ya kama ku tare fa? Wa zai kula da wa?"

Tela ya dubi Direba, Direba ya dubi silin.

A hanyar komawa 'yar ta yi ta faɗa, daga baya ta yi dariya har da hawaye. Makon nan ta tara ƙannenta, a karo na farko suka yi magana a fili kan wanda zai zauna da iyayen in ranar ta zo, da abin da kowa zai riƙa ajiyewa. Masu kawo ɗinki sun dawo sannu a hankali, ko da yake har yanzu wasu kan tambayi Tela ko ya gane su kafin su miƙa yadi.

Tambayar likita ce ta hana Direba sukuni. Ya ce maganin abin shi ne su sa mai ƙananan shekaru a yarjejeniyar, ya kuma zaɓi mai aski na ƙarshen layi, wanda furfura ba ta gama kama shi ba. Suka shirya tsaf suka nufi shagonsa. Mai aski ya hango su ta madubi, ya bar mutum da rabin kai, ya fita ta ƙofar baya.