Hoton Bakin Kududdufi

"Ina hoton kafin a haƙa?" Shugabar ofis ta tambaya, idonta a kan kwamfuta.

Malama take tambaya. Tun da ta baro ƙasarsu ta zo aikin sa-kai a wannan ƙungiya, ɗaukar hoto aka ɗora mata. Masu ba da tallafi kuwa hoto biyu suke so, na wahala da na jin daɗi. Ita ɗoki ya ɗebe ta, sai da sabon famfo ya fara zuba ta tuna da kyamara.

"Babu, ranki ya daɗe."

"To ki nemo. In ba haka ba, ko rami ba za su sake haƙa mana ba."

A gidan da aka sauke ta, ta tarar da Inna, uwar masaukinta, tana tankaɗe. Da jin maganar hoto Inna ta karkaɗe hannu ta shige ɗaki. Ta fito da sabon zani, ta kashe ɗauri, ga 'yan kunne suna reto.

"Yaya kika gan ni, 'yar nan? Ko in ƙara kwalli?"

Malama ta sunkuyar da kai. "Inna, da kin sa wancan zanin na shara."

"Mai ƙunar wuta a gefe?"

"Shi. Kuma ba a famfo ba ne, a tsohon kududdufi za mu yi."

Inna ta daɗe tana dubanta, sannan ta zare 'yan kunnen ɗaya bayan ɗaya.

A bakin kududdufi ta duƙa da tsohon bokiti, ƙafa cikin laka.

"Kada ki yi murmushi, Inna."

"Wane murmushi? Ɗauki, bayana ya gaji." Da ta miƙe ta ƙara da cewa, "Ba dai nan za a nuna shi ba ko?"

"A'a, ƙasar waje za a tura."

Ranar buɗe famfo, Malama na shiga fili sai ta yi arba da hoton Inna. Shugaba ta sa an buga hoton a ƙaton ƙyalle, an rataye bayan kujerun manyan baƙi. Har ƙunar zanin ta fito raɗau.

Ta juya za ta nemi mai sauke shi, sai ga Inna ta iso cikin kwalliya, tare da surukarta, uwar mijin 'yarta, wadda ta zo ganin jika.

Surukar ta tsaya cak, ta kare ido da hannu. "Ikon Allah. Wannan ba ke ba ce?"

"Ni?" Inna ta yi 'yar dariya. "Ina ni ina wannan tsumma? Wata baiwar Allah ce mai kama da ni. Ga wadda ta ɗauka nan, tambaye ta."

Ta juyo ta zuba wa Malama ido. Babu faɗa a idon, roƙo ne kawai.

Daga kan dandamali Shugaba na ɗago hannu, tana kiran a kawo matar da ke cikin hoton ta yi godiya a lasifika. Malama ta yi kamar ba ta ji ba.

"Wata ce, Hajiya," ta ce wa surukar. "Ba ma 'yar unguwar nan ba ce."